Ranar Godiya ta Amurka da Tatsuniyar Ƙasar da Aka Kafa a Kan Addini

Kowace shekara, ranar Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba, al'amura na tsayawa cik a Amurka. Ofisoshin gwamnati da bankuna da makarantu a rufe, filayen jiragen sama cike maƙil da masu komawa gida, iyalai kuma su kewaye gasasshen talo-talo da masara da kabewa. Ranar Godiya ke nan, kuma shugaban ƙasa kan fitar da shela yana kiran jama'a su gode wa Allah. A kan wannan al'ada aka ɗora wani ra'ayi da ya yi jijiya: wai masu hijira saboda addini ne suka kafa Amurka, wai a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatinta, kuma wai bikin nan gado ne tun daga ranar farko. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2022 ya nuna kashi 60 cikin 100 na Amurkawa sun yarda cewa magabatansu sun nufi ƙasar ta zama ta Kirista. Maganar ta ƙetare teku. Ko a ƙasar Hausa, idan gardama ta kaure kan addini da mulki, ba a rasa mai cewa ai ko a jikin dala an rubuta "Ga Allah muka dogara". Masoyan Amurka na faɗa don yabo, maƙiyanta na faɗa don zargi, kuma dukansu yaɓen da aka yi wa gini daga baya suke ɗauka a matsayin harsashinsa.

Tun daga farkon labarin aka fara rage mudu. Zaman Ingilishi na farko da ya ɗore a wannan ƙasa shi ne Jamestown, a Virginia, a 1607, kuma wani kamfanin 'yan kasuwa na Landan ne ya kafa shi don neman zinariya da riba. Da zinariya ta ƙi samuwa, taba ce ta rufa musu asiri. A 1619 aka sauke 'yan Afirka kimanin 20 a gaɓar Virginia aka sayar da su. Duk wannan ya faru kafin jirgin Mayflower ya ɗaga daga Ingila a 1620 da fasinjoji 102. Amma fataken taba da masu sayen bayi ba su dace da labarin da ake son koya wa 'yan firamare ba, sai aka tsallake shekaru 13 aka fara ƙirga daga Plymouth, garin da mutanen Mayflower suka kafa.

Su kansu mutanen Mayflower ba duka ne 'yan hijirar addini ba. Da yawansu masu sana'a ne da barori da masu neman sa'a, waɗanda attajiran Landan da suka zuba kuɗin tafiyar suka haɗa su da su. Waɗanda suka ɓalle daga cocin Ingila kuwa, ba daga hannun azzalumai suka taso kai tsaye ba. Sun yi fiye da shekaru 10 a birnin Leiden na ƙasar Holan suna ibadarsu ba mai tsangwama. Abin da ya kore su, kamar yadda gwamnansu William Bradford ya rubuta da kansa, shi ne wahalar neman abinci da tsoron kada 'ya'yansu su narke cikin Holandawa. Hunturun farko a Plymouth ya kashe kusan rabin mutanen Mayflower. Waɗanda suka rage sun rayu ne da taimakon ƙabilar Wampanoag, musamman wani mai suna Tisquantum, wanda ya koya musu shuka masara da binne kifi a gindinta a madadin taki. Yadda aka yi ya iya Turanci shi ne wani matuƙin jirgi Ba'ingilishi ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifaniya don sayarwa. Da ya dawo a 1619 ya tarar annoba ta share garinsu kaf, kuma a kufan garin nasu ne baƙin suka kafa Plymouth.

Bikin da ake ta kambamawa na kakar 1621, abin da aka sani game da shi bai wuce 'yan layuka a wata wasiƙar ɗaya daga cikin baƙin, Edward Winslow, ba. An yi kwana 3 ana ci ana sha, ana wasanni, ana harba bindigogi. Sarkin Wampanoag, Massasoit, ya zo da mutanensa kimanin 90, suka kaso barewa 5 suka kawo. Shagalin kaka ne irin na manoman Ingila, haɗe da siyasa, domin annoba ta raunana Wampanoag, kuma suna neman abokan ƙawance saboda maƙwabtansu Narragansett. A wajen waɗannan baƙi masu tsananin riƙon addini, ranar godiya wani abu ne daban: yini guda a coci, da addu'a da doguwar huɗuba, bayan wani abin da suka ɗauka taimakon Allah ne na musamman. Irin wannan suka yi a 1623 da ruwan sama ya sauka bayan fari. Shagalin 1621 kuwa mantawa aka yi da shi, sai a 1841 wani malamin coci a Boston, Alexander Young, ya sake buga wasiƙar Winslow ya ƙara ɗan bayani a ƙasan shafi cewa wannan ce godiya ta farko. Shekaru 220 ke tsakanin bikin da sunan da aka laƙa masa.

Akwai ranakun godiya na gaske a wancan zamani da ba a so a tuna. A 1637 sojojin baƙi da ƙawayensu suka kewaye wani garin ƙabilar Pequot a Mystic, suka cinna masa wuta, ɗaruruwan mutane suka hallaka, ciki har da mata da yara. Coci-coci a Massachusetts suka ware rana don gode wa Allah kan wannan nasara. A 1676 aka kashe Metacom, ɗan Massasoit ɗin nan da ya kawo barewa, bayan yaƙin da ya ci rayuka masu ɗimbin yawa a ɓangarorin biyu. Aka soke kansa a tsinin itace a Plymouth, ya yi shekaru a wurin, matarsa da ɗansa kuma aka sayar da su bayi. Wanda ya nace cewa godiyar ƙasa daga Plymouth ta samo asali, to ya karɓi gadon duka.

Haka batun 'yancin addini. Masu mulkin Massachusetts sun kafa gwamnatin addini da gaske, kuma abin da ta haifar a rubuce yake. A 1635 suka yanke wa Roger Williams, malamin coci, hukuncin kora, saboda ya ce hukuma ba ta da hurumi a kan imanin mutum, kuma ƙasar 'yan asali saye ake yi ba ƙwace ba. Ya tsere cikin hunturu ya kafa Providence a 1636. Tsakanin 1659 da 1661 aka rataye mabiya ɗarikar Kweka 4 a Boston, ciki har da wata mata, Mary Dyer, laifinsu kawai sun dawo garin suna wa'azi bayan an kore su. A 1692 aka rataye mutum 19 a Salem bisa zargin maita. Mutanen da suka zauna rubuta tsarin mulki bayan kusan ƙarni guda sun san wannan tarihi sarai, sun kuma san yadda Katolika da Furotesta suka yi ta yanka juna a Turai.

Ba wanda zai yi gardama cewa jama'ar Amurka ta 1776 Kiristoci ne, galibinsu Furotesta, kuma harshen Littafi Mai Tsarki ya cika maganganunsu. Takardar ayyana 'yancin kai ta ambaci Mahalicci da Alƙali Maɗaukaki, ko da yake ba ta ambaci Almasihu ba. Majalisar yaƙin neman 'yanci ta yi shelar godiya a 1777 bayan nasarar Saratoga, kuma wannan shela ta ambaci sunan Yesu ƙarara. Masu ra'ayin ƙasar Kirista suna da gaskiya a nan. Inda suka kauce shi ne haɗa addinin jama'a da tsarin gwamnati, alhali waɗanda suka tsara gwamnatin da gangan suka raba su.

Tsarin mulkin da aka rubuta a Philadelphia a 1787 da sunan jama'a ya buɗe. Babu Allah a gabatarwarsa, babu Almasihu, babu coci, in ban da salon rubuta kwanan wata na zamanin a ƙarshensa. Abin lura, tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya gaji tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, ya ambaci Allah a gabatarwarsa, abin da na Amurkan bai yi ba. Wuri ɗaya tak ainihin kundin ya taɓo addini, a sashe na 6, inda ya haramta gindaya sharaɗin addini ga duk mai neman muƙamin tarayya. Wannan ba mantuwa ba ce. Ranar 28 ga Yuni, da taron rubuta kundin ya cije, Benjamin Franklin, dattijo ɗan shekara 81, ya miƙe ya ba da shawarar a riƙa buɗe zama da addu'a kowace safiya. Aka tashi ba tare da an jefa ƙuri'a a kai ba, kuma shi da kansa ya rubuta a jikin takardar jawabin cewa in ban da mutum 3 ko 4, wakilan ba su ga buƙatar hakan ba. Masu wa'azi na yawan kawo jawabin Franklin, su yi shiru kan yadda ya ƙare.

Mutanen zamanin sun gane abin da aka yi, shi ya sa wasu suka tayar da jijiyar wuya. A taron jihar Carolina ta Arewa na 1788, wakilai sun yi ƙorafin cewa da wannan sashe na 6, wata rana ɗan Katolika ko Musulmi ko wanda ba ya da addini zai iya zama shugaban ƙasa. Masu kare kundin, irin su James Iredell, ba su ce ƙarya ne ba. Sun amsa cewa doka ba ta hana ba, kuma ba yadda za a yi a ba da 'yancin addini sannan a toshe ƙofa ga wasu. A 1791 aka ƙara gyaran farko, wanda ya hana majalisar tarayya kafa addinin hukuma ko hana wani yin nasa.

Ana yawan nuna wannan rabuwa kamar aikin maƙiya addini ne, kuma nan ne aka fi yi wa tarihi rashin adalci. Waɗanda suka fi kowa matsa lamba a Virginia 'yan ɗarikar Baftis ne, waɗanda aka sha ɗaure masu wa'azinsu saboda sun yi huɗuba ba lasisi, ana kuma karɓar harajinsu ana ciyar da limaman cocin Angilika. Malaminsu John Leland ya tsaya kai da fata cewa gwamnati ba ta da abin cewa kan imani. Da goyon bayansu James Madison ya samu majalisar Virginia ta zartar da dokar 'yancin addini a 1786, wadda Thomas Jefferson ya rubuta. Jefferson, wanda ya sayi fassarar Alƙur'ani ta Turanci tun 1765 yana ɗalibin shari'a, ya bayyana daga baya cewa an ƙi saka sunan Yesu a dokar ne don inuwarta ta rufe Bayahude da Kirista da Musulmi da Bahinde da wanda bai yi imani ba.

Hujja mafi ƙarfi a hannun ɗaya ɓangaren ita ce shelar Shugaba George Washington ta 3 ga Oktoba 1789, wadda ta ware ranar 26 ga Nuwamba don godiya ga Allah Maɗaukaki. Gaskiya ne ya yi, kuma majalisa ce ta roƙe shi. Sai dai ko a zauren majalisar an ja. Thomas Tudor Tucker na Carolina ta Kudu ya ce wannan lamarin addini ne da aka hana majalisa shiga, wani ɗan jiharsu kuma, Aedanus Burke, ya ce kwaikwayon al'adar Turai ne. Washington ya rubuta shelar ba tare da ambaton Almasihu ba. Abin da ya biyo baya ya fi shelar bayani. Shugaba John Adams ya kira ranakun azumi da addu'a a 1798 da 1799, aka zarge shi da share wa wata ɗarika hanyar zama cocin hukuma, kuma a wata wasiƙa ta 1812 ya ce azumin nan ne ya raba shi da kujerarsa. Jefferson ya yi shekara 8 yana mulki bai yi shelar godiya ko sau ɗaya ba, ya ce tsarin mulki bai ba shi wannan iko ba, kuma a wasiƙarsa ta 1802 ga 'yan Baftis na Danbury ya kwatanta gyaran farko da katanga tsakanin coci da gwamnati. Shugaba Madison ya yi shela lokacin yaƙi da Birtaniya, bayan ya sauka ya rubuta cewa irin wannan shela na shuka tunanin addinin ƙasa, wanda kuskure ne. Daga 1815 babu shugaban da ya sake yin shelar godiya sai da yaƙin basasa ya ɓarke.

A tsakiyar wannan zamani akwai wata takarda da ba ta bar wurin tawili ba. A 1796 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Tarabulus, birnin nan na gaɓar Bahar Rum da fataken Kano suka daɗe da sani, don kare jiragenta na kasuwanci. Sashe na 11 na kwafin Turanci ya ce gwamnatin Amurka ba a kafa ta a kan addinin Kirista ta kowace fuska ba, kuma ba ta da gaba da addinin Musulmi. Masu musu kan ce wannan sashe ba ya cikin kwafin Larabci. Haka ne, amma na Turancin aka gabatar wa majalisar dattawa a Yunin 1797, shi ta amince da shi ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta adawa ba, shi Adams ya sa wa hannu, shi kuma jaridu suka buga.

Jihohi sun ɗan jima da nasu cocin hukuma, Connecticut har 1818, Massachusetts har 1833. Lyman Beecher, babban mai wa'azin da ya yi yaƙi don kada a yanke wa coci kuɗin haraji a Connecticut, ya dawo yana cewa ba abin alherin da ya taɓa samun jihar kamar wannan yankewa, domin coci-coci sun koma dogaro da kansu sun ƙara ƙarfi. Sai kuma batun bayi, wanda masu kirarin ƙasar addini ke bi ta gefensa. Ƙidayar 1790 ta samu mutum kusan miliyan 4, kimanin 700,000 daga cikinsu bayi ne. A gandun Washington na Mount Vernon akwai bayi fiye da 300 lokacin da ya mutu. Cikin waɗanda aka kwaso daga Afirka ta Yamma har da malamai Musulmi irin su Umar ɗan Sa'idu na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya kuma rasu yana bawa. Manyan ɗariku sun tsage biyu kan halascin bauta, Metodis a 1844, Baftis a 1845, kowane ɓangare da ayoyinsa.

Ranar Godiya ta shekara-shekara ɗiyar yaƙin basasa ce. Jihohin kudu da suka ɓalle a 1860 da 1861 don kare bauta sun rubuta nasu tsarin mulkin, kuma su ne suka saka roƙon yarda da shiriyar Allah Maɗaukaki a gabatarwa, suna alfahari da cewa sun gyara abin da magabata suka bari. Shugabansu Jefferson Davis ya yi shelar godiya kan nasarorin fagen fama a 1862. A arewa kuwa, wata editar mujallar mata, Sarah Josepha Hale, ta yi shekara 17 tana rubuta wa shugabanni da gwamnoni wasiƙu tana neman a tsayar da rana ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Shugaba Abraham Lincoln ya amsa mata ranar 3 ga Oktoba 1863, watanni 3 bayan gumurzun Gettysburg, lokacin da yake buƙatar abin da zai haɗa kan jama'ar da ta gaji da binne 'ya'yanta. Shelar, wadda sakataren harkokin waje William Seward ya tsara, ba ta ambaci mutanen Plymouth ba sam. Lincoln kansa ya lura a jawabinsa na 1865 cewa ɓangarorin biyu littafi ɗaya suke karantawa, Allah ɗaya suke roƙo, kowanne yana neman a taimake shi a kan ɗan'uwansa.

A cikin wannan yaƙi ne wasu malaman coci suka kafa ƙungiya don a yi wa tsarin mulki gyara a saka sunan Allah da na Almasihu, suna cewa yaƙin azaba ce saboda an kafa gwamnati ba tare da ambaton Ubangiji ba. Sun yi shekaru suna kai wa majalisa koke, ba su yi nasara ba. Kakannin masu cewa yau an kafa Amurka a kan addinin Kirista, kukansu shi ne ba a kafa ta a kai ba. Abin da suka samu shi ne rubutun nan na jikin kuɗi, wanda ya fara fitowa a kan tsabar santi 2 a 1864, bayan wani fasto ya rubuta wa sakataren baitulmali Salmon Chase. Ko wannan bai gamsar da duk masu addini ba. A 1907 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa aka fitar da sababbin tsabar zinariya ba rubutun, yana cewa ɗora sunan Allah a kan kuɗi ya kusa zama wulaƙanta shi, sai majalisa ta mayar da shi a 1908.

Ranar kanta ba ta tsira daga kasuwa ba. A 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya matso da ita baya da mako guda saboda masu manyan kantuna sun roƙi a tsawaita musu lokacin cinikin Kirsimeti. Jihohi suka rabu, wasu suka bi sabuwar rana, wasu tsohuwa, sai a 1941 majalisa ta kashe maganar da doka. Tun 1970 kuma 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna zaman makoki, bayan da masu shirya bikin cika shekara 350 da zuwan Mayflower suka hana wani ɗan Wampanoag, Wamsutta Frank James, karanta jawabin da ya rubuta.

Sauran alamomin da ake nunawa a matsayin shaidar asali, zamanin yaƙin cacar baka ne ya haife su. Alkawarin mubaya'a ga tuta da yara ke karantawa a makaranta, wani malamin Baftis, Francis Bellamy, ya rubuta shi a 1892 ba tare da ambaton Allah ba, kuma haka aka yi ta karanta shi shekara 62. A 1954 wani fasto a Washington ya yi huɗuba a gaban Shugaba Eisenhower, ya ce alkawarin a yadda yake ko yaran Mosko za su iya karanta irinsa. Cikin 'yan watanni majalisa ta ƙara kalmomin "a ƙarƙashin Allah". A 1956 aka mai da "Ga Allah muka dogara" kirarin ƙasa a hukumance, alhali hatimin da magabata suka amince da shi a 1782 kirarin haɗin kai yake ɗauke da shi, da Latin. A 1957 rubutun ya fara hawa takardar dala. Manufar a fili take: a bambanta Amurka da Tarayyar Sobiyet mai aƙidar gurguzu.

Da aka ƙalubalanci waɗannan kalmomi a gaban shari'a, hanyar da aka bi aka kare su ita ce rage musu nauyi. A 1970 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa kirarin jikin kuɗi na kishin ƙasa ne da al'adar biki, ba ruwansa da kafa addini. A 1984 alƙalin kotun ƙoli William Brennan ya rubuta cewa irin waɗannan kalmomi sun tsira ne saboda yawan maimaitawa ya sa sun rasa wata ma'anar addini ta a zo a gani. Inda alƙalai suka ga addini na gaske, hana shi suka yi: a 1961 kotun ƙoli ta soke sharaɗin jihar Maryland na cewa sai mai muƙami ya furta imani da Allah, a 1962 kuma ta haramta addu'ar da hukumar ilimi ta New York ta rubuta wa 'yan makarantun gwamnati.